Yadda Ake Tace Bairos ɗin Zane-zanen Masara Daga Ganye da Auna Yawansa

Ɗalibai masu neman digiri na biyu a fannin cututtukan shuka da ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje sun sha aiko da tambaya iri ɗaya: idan aka samu masarar da cutar zane-zane ta kama, ta yaya za a fitar da ƙwayar cutar ita kaɗai daga cikin ganye, kuma ta yaya za a san nawa aka samu? Galibin masu tambayar suna bukatar tataccen bairos ne don su haɗa sinadarin gano cutar, ko su samu ma'aunin da za su gwada irin masara mai jure mata. Bairos ɗin da ake nufi shi ne wanda ake taƙaita sunansa na Turanci, maize streak virus, da MSV, ƙwaya mai siffar tagwaye manne da juna, faɗinta kusan nanomita 22, tsawonta kusan 38, ɗauke da zaren DNA guda mai harafi kusan 2,700. Aikin yana cin kwana uku zuwa huɗu, kuma sharaɗin da zan riƙa nanatawa shi ne a tafi da ganyen lafiyayyar masara a gefe, a yi masa duk abin da aka yi wa mai cuta, domin shi kaɗai ne zai nuna ko abin da aka tara a ƙarshe bairos ne ko tarkacen masara.

Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Ana bukatar turmi da taɓarya na tangaran, bilenda, ƙyallen tata mai tsabta, ma'aunin pH, injin sentirifuj (mai juya ruwa da gudu har abin da ke cikinsa ya kwanta) mai sanyi wanda ke kai 10,000 g, da babban injin sentirifuj mai tsananin gudu wanda ke wuce 100,000 g. Harafin g a nan yana nufin ninkin ƙarfin jan ƙasa, ba giram ba. Sai na'urar auna haske ta sifektirofotomita da ƙaramin kofinta na kwaz, wato wani irin gilashi na musamman. Sinadaran su ne sodiyam asitet, asid ɗin asitik, kulorofom, PEG 8000 (sinadarin da ke sa bairos ya kwanta), gishirin sodiyam kuloraid, sukuros (wato sukari) da ruwan naitirojin.

Sinadaran nan ba su ne ke cinye kuɗi ba, don kwalba ɗaya ta kowanne tana isar aiki da yawa. Kuɗin yana tafiya ne a wurare uku: lokacin babban injin da bututansa, ruwan naitirojin da ke ƙafewa tun a hanya, da man janareto. Ɗakunan gwaje-gwaje kaɗan ne ke da babban injin, saboda haka a nemi izinin amfani da shi, a tsayar da rana, kafin a tsinki ganye ko ɗaya. Wanda ke Najeriya zai iya fara neman shawara a sashen binciken bairos na cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa IITA da ke Ibadan, ko a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda masara ke cikin amfanin gonar da aka ɗora mata alhakin bincikensu.

1. Zaɓen ganye

Wannan bairos ba ya kama shuka ta hanyar goga ruwan ganye, sai ta bakin wani ɗan ƙwaro mai tsalle na dangin Cicadulina, don haka mai aikin da ba shi da kejin kiwon ƙwarin zai dogara da gona. An fi samun cutar a masarar da aka shuka a makare da kuma masarar noman rani da ke kusa da ciyayi. Alamarta zane-zane ne masu launin rawaya ko fari-fari, tsinke-tsinke, suna bin jijiyar ganye a tsaye, kuma suna fitowa ne a ganyen da ya tsiro bayan kamuwa. A tsinki ganyen sama masu taushi waɗanda zanen ya cika su, domin ƙwayar ta fi taruwa a wuraren da suka koɗe. A zare jijiyar tsakiya a yar, a auna giram 100 zuwa 200, a sa a leda mai suna da kwanan wata, a ɗora kan ƙanƙara tun daga gona. A ɗebo ganyen lafiyayyar masara wadda take sa'ar mai cutar, nauyi daidai da na mai cutar, a leda daban. Idan ba a ranar za a fara ba, a ajiye su a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifiri, ko 20 ƙasa da sifiri idan ajiyar 'yan makonni ce.

Gargaɗi: ido yana ruɗi. Ƙarancin sinadarin zinki a ƙasa yana jawo zane a ganye, haka ma wani bairos daban da ke sa faffaɗan ratsi. A yanki ɗan guntu daga kowace shuka a tabbatar da PCR (gwajin gano DNA na bairos) ko ELISA (gwajin gano furotin ɗinsa) kafin a zuba kwana huɗu da man janareto a kan ganyen da babu komai a cikinsa. Lafiyayyen ganyen ma a gwada shi.

2. Haɗa ruwan bafa

Bafa ruwa ne da ke riƙe tsaminsa, wato pH, a wuri ɗaya. A narkar da giram 13.6 na sodiyam asitet mai ɗauke da ruwa uku a cikin mililita 800 na tataccen ruwa, ko giram 8.2 idan busasshen ne, a riƙa ɗiga asid ɗin asitik ana motsawa har ma'auni ya nuna pH 4.8, sannan a cika zuwa lita ɗaya. A kwanar da shi a firij. Tsamin nan shi ne ginshiƙin hanyar gaba ɗaya, saboda ƙwayar MSV tana jure shi, alhali yawancin furotin ɗin masara yana dunƙulewa a cikinsa ya kwanta, kamar yadda madara ke guda idan tsami ya taɓa ta. A daidaita ma'aunin pH da ruwan gwaji na 4 da na 7 a ranar, kada a dogara da daidaitawar makon jiya.

3. Niƙa da tata

A sanyaya turmi, a zuba ganye kaɗan-kaɗan, a kwarara ruwan naitirojin, a daka har ya zama gari mai laushi. Ganyen masara yana da zare da tauri, kuma a nan ne mutane da yawa ke asarar rabin abin da suke nema, domin ƙwayoyin suna cikin cibiyar ƙwayar halittar ganye, duk wadda ba ta fashe ba kuwa ta tafi da nata cikin dusa. A juye garin a bilenda, a zuba bafa mililita 2 zuwa 3 kan kowane giram na ganye, a niƙa na daƙiƙa 30, a huta, a sake, har sau huɗu ko biyar, don kada injin ya ɗumama ruwan. A tace da ƙyalle ninki huɗu a matse sosai, irin matsar da ake yi wa gasara. A sake auna pH, domin ruwan ganye yakan ɗaga shi, a mayar da shi 4.8, a bar ruwan a kan ƙanƙara ana motsawa a hankali na awa ɗaya. Daga nan a juya a injin a 10,000 g na minti 15, a digiri 4.

A wannan matakin ruwan da ke bisa ake so, koren curin da ya kwanta a gindi shara ne.

Gargaɗi: ruwan naitirojin yana ƙona fata kamar wuta, yana kuma korar iskar shaƙa a rufaffen ɗaki. A sa safar hannu mai kauri da tabarau, a buɗe tagogi, kuma kada a taɓa rufe shi a kwalba mai murfi. A fara niƙa lafiyayyen ganye kafin mai cuta, ko a yi amfani da turmi biyu.

4. Wankewa da kulorofom

A ƙara kashi ɗaya na kulorofom mai sanyi kan kashi huɗu na ruwan, a motsa na minti 10 zuwa 15, a sake juyawa a 10,000 g na minti 15. Bututun zai fito da hawa uku: kulorofom mai duhun kore a ƙasa, wani faifai mai kauri a tsakiya, sai ruwa mai launin shayi marar madara a sama. A zuƙe na saman da fifet, wato siririn bututun zuƙar ruwa, a hankali, a haƙura da ɗan abin da ya rage kusa da faifan, don kwaɗayin wannan mililita biyun shi ke dawo da dattin da aka sha wahalar cirewa.

Gargaɗi: a yi wannan aikin a cikin akwatin zuƙe hayaƙi. Kulorofom yana narkar da bututun roba na folikabonet, kuma bututu ya fashe a cikin injin da ke gudu ba ƙaramar ɓarna ba ce. A yi amfani da na gilashi mai kauri ko na folifirofilin.

5. Kwantar da bairos da PEG

A auna yawan ruwan da aka samu. Kan kowace mililita 100 a zuba giram 12 na PEG da giram 1.17 na gishiri, kaɗan-kaɗan ana motsawa har su narke, sannan a bar shi a digiri 4 na awa biyu aƙalla, ko ya kwana. A juya a 10,000 g na minti 20.

Yanzu al'amarin ya juye: curin da ya kwanta ake so, ruwan bisa ne shara. Na taɓa tsayawa ina kallon wani ɗalibi, a wani ɗakin gwaji, ya tsiyaye ruwan cikin kwalba mai tsabta da matuƙar kulawa, ya nufi famfo da bututun zai wanke, saboda hannunsa ya saba da matakai biyun da suka gabata. Tun daga ranar nake rubuta abin da za a ajiye a jikin kowane bututu da alƙalami, kuma ba na zubar da komai sai aiki ya ƙare.

A kifa bututun kan takarda na minti biyu don ragowar PEG ta tsiyaye. A zuba bafa kaɗan, kamar mililita 5 zuwa 10 ga abin da ya fito daga ganye giram 100, a bar curin ya jiƙa a firij na 'yan awoyi ko ya kwana, sannan a narkar da shi da sandar gilashi ba tare da tayar da kumfa ba. A sake juyawa a 10,000 g na minti 10, a ɗauki ruwan bisa. Curin da ya rage a sake jiƙa shi sau ɗaya a haɗa ruwan biyu, domin sau da yawa akwai sauran bairos maƙale a ciki.

6. Rabewa a matakalar sukari

Tun daren jiya ya kamata a shirya wannan. A haɗa sukuros cikin bafa a ƙarfi huɗu, kashi 40, 30, 20 da 10 cikin 100, a jera su a bututun babban injin, mafi kauri a ƙasa, kowane hawa a zuba shi a hankali ta jikin bututu, a bar su su kwana a firij har iyakokinsu su saje. Da safe a ɗora mililita 1 zuwa 2 na samfurin a saman bututu mai cin mililita 38, a auna bututan da za su fuskanci juna a sikeli har nauyinsu ya zo ɗaya, a juya a kusan 100,000 g na awa 3 zuwa 4 a digiri 4, da kan injin mai lilo wanda bututu ke miƙewa a kwance idan ya ɗauki gudu. A bar injin ya tsaya da kansa ba tare da birki ba.

A shiga ɗaki mai duhu da bututun, a haska ƙaramar tocila daga sama kai tsaye. Idan aikin ya yi kyau za a ga wani siririn zobe mai farin shuɗi-shuɗi, kamar hayaƙi ya tsaya cak a cikin ruwa, wanda babu irinsa a bututun lafiyayyen ganye. Wani lokaci zobe biyu ake gani: na ƙasa shi ne cikakkun tagwaye, na sama kuma ƙwayoyi guda-guda waɗanda suka fi sauƙi. Duk zoben da ya fito a bututan biyu a wuri ɗaya na masara ne, komai kyansa. A zuƙe zoben da sirinji, ko a huda gindin bututu a tari ruwan mililita ɗaya-ɗaya a auna kowanne a na'urar haske, wanda shi ne abin yi idan ido bai ga komai ba.

Gargaɗi: idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar juyawa, lissafin lokaci ya rushe, sanyi ma ya tafi. A tayar da janareto tun farko a bar injin a kansa har ƙarshe, kada a jira sai an ɗauke. Kuma cika samfuri fiye da kima yana sa zobe ya baje ya haɗe da datti, gara a raba shi a bututu biyu.

7. Cire sukari

A tsarma abin da aka zuƙo da bafa ninki huɗu, a juya a kusan 150,000 g na awa 3 zuwa 4. Curin da zai fito ɗan mitsitsi ne, garau kamar ɗigon ƙaro, har mutum ya ɗauka babu komai, shi ya sa ake yi wa gefen bututun da ke kallon waje alama kafin a sa shi. A zuba bafa rabin mililita, a bar shi ya kwana a firij, a narkar a hankali, a juya a 10,000 g na minti 5, a ɗauki ruwan bisa. Wannan shi ne tataccen bairos.

8. Aunawa da haske

A kunna na'urar ta ɗumama na minti 20, a daidaita ta a sifiri da ainihin bafan da aka narkar da curin. A tsarma samfurin yadda karatun zai faɗo tsakanin 0.1 da 1.0, a karanta a nanomita 260, 280 da 320. Karatun 320 na gurɓatar ruwa ne, ana cire shi daga sauran biyun. Ga bairos masu siffar tagwaye irin wannan ana amfani da lamba 7.7, ma'ana miligiram ɗaya a mililita ɗaya yana ba da karatun 7.7 a 260 cikin kofi mai faɗin santimita ɗaya.

Ga misali na lissafi. A ce an tsarma samfuri ninki 20, aka karanta 0.410 a 260, da 0.300 a 280, da 0.025 a 320. Bayan cirewa saura 0.385 da 0.275. A raba 0.385 da 7.7, a samu 0.05, a ninka da 20, a samu miligiram 1 a kowace mililita. Idan duka samfurin rabin mililita ne daga ganye giram 100, an samu rabin miligiram ke nan, wato miligiram 5 daga kilo ɗaya na ganye, kuma haka ake rubuta sakamako don a iya kwatanta shi da na wani. Sai a raba 0.385 da 0.275, a samu 1.4, wanda shi ne abin da ake sa ran gani ga ƙwayar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta DNA ne. Idan rabon ya haura zuwa 1.8 ko 2.0 akwai DNA ko RNA na masara a ciki, kuma lambar da aka lissafa ta kumbura fiye da gaskiya. Idan ya sauka kusa da 1.0 furotin ɗin masara ne ya yi yawa.

Gargaɗi: kofin roba ko na gilashi yana shanye haske a 260, sai na kwaz. Kuskuren da na fi gani a rubuce-rubucen ɗalibai kuwa shi ne aron lamba daga wani bairos. Dogayen bairos masu kama da zare, irin mai sa dabbare-dabbare a rake da masara, lambarsu kusan 2.4 ce, kuma wanda ya raba da ita a nan zai ninka sakamakonsa fiye da sau uku ba tare da ya sani ba. Samfurin lafiyayyen ganye ma a karanta shi. Idan ya ba da karatu mai kauri a 260, to a koma mataki na shida, domin na'urar ba ta san bairos ba, haske kawai take aunawa.

9. Tabbatar da tsabta

A gudanar da mikirogiram 2 zuwa 5 a jel ɗin raba furotin mai ƙarfin kashi 12, tare da samfurin lafiyayyen ganye a layin kusa. Tataccen MSV yana ba da babban layi ɗaya a wajen kilodalton (ma'aunin nauyin furotin) 27 zuwa 28, wato furotin ɗin rigarsa. Layi a wajen 55 da wani a wajen 14 na furotin ɗin rubisko ne, wanda ya cika kowane koren ganye. Idan sun fito da ƙarfi a maimaita matakalar sukari, musamman idan za a yi wa zomo allura da samfurin, don jininsa zai koyi gane masara maimakon cutar, sinadarin gwajin kuma ya riƙa nuna kowace shuka a matsayin mai cuta. Gwajin Bradford, mai auna yawan furotin, yana ba da ra'ayi na biyu: furotin ya kamata ya kai kusan kashi huɗu cikin biyar na nauyin da hasken ya nuna. Wanda ya samu madubin lantarki mai girmama ƙananan abubuwa ya rina samfurin da yuranil asitet kashi 2, zai ga tagwayen da idonsa.

10. Auna bairos a cikin shuka

Da tataccen bairos a hannu ana iya auna yawansa a kowace shuka. A ELISA, a tsarma shi ninki biyu-biyu a cikin ruwan lafiyayyen ganye, ba a bafa tsura ba, a jera a faranti ɗaya da samfuran gona, kowanne rami biyu ko uku, a karanta launin rawaya a nanomita 405, a zana layin ma'auni, a karɓi karatun da ya faɗo a miƙaƙƙen ɓangaren layin kawai. An saba ɗaukar samfuri a matsayin mai cuta idan karatunsa ya ninka na lafiyayye sau biyu. Ramukan gefen faranti sukan ba da karatu daban, a cika su da bafa a bar su.

A PCR mai ƙidaya, a shirya ma'auni daga DNA da aka san yawansa, a tsarma ninki goma-goma har mataki biyar ko shida. Gangaren layin ya zo kusa da 3.3 ƙasa da sifiri, ingancin ninkawa kuma tsakanin kashi 90 da 110. A tuna cewa PCR yana ƙirga duk DNA na bairos, har da wanda bai shiga riga ba, don haka lambarsa da ta ELISA ba lallai su zo ɗaya ba. A kuma yanki ganye daga matsayi ɗaya a kowace shuka, misali ganye na biyu daga sama, domin bambancin da ke tsakanin ganyen sama da na ƙasa a shuka guda yana iya fin wanda ke tsakanin iri biyu.

11. Ajiya da zubar da shara

Samfurin da za a yi amfani da shi cikin mako ɗaya ko biyu ya zauna a firij a digiri 4. Na dogon lokaci a raba shi ƙanana-ƙanana a daskarar, kowane kaso a narkar da shi sau ɗaya tak, don daskarewa da narkewa a kai a kai yana farfasa ƙwayoyin, abin da ya kamata a yi la'akari da shi a inda firiza ke mutuwa da dare. Masu sa sodiyam azaid don hana ruɓewa su sani guba ne, kuma ba a sa shi a samfurin da za a yi wa dabba allura. Dusar ganye, ƙyallen tata da bututan da aka gama da su a dafa su a tukunyar matsin tururi a digiri 121 na minti 20 aƙalla kafin a zubar. Kulorofom a tara shi a kwalbar gilashi mai suna, kada ya bi magudana. Ganye ko iri mai cuta kuma ba a tsallaka iyakar ƙasa da shi sai da takardar izini, wadda a Najeriya hukumar killace kayan noma ta NAQS ke bayarwa.